Fallen Cakin da Ya Ɓace

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Shehu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Shi sa wagga takarda ta iske ka lafiya, ko kuna kan hanya da albasa ko kun riga kun sauka Legas. Allah Shi tsare ku kai da direba, Shi kiyashe ku sharrin ƙarfe da na mutane. Innarka tana gaishe ka, ta ce dambun nama shina ƙasan jaka, kada ka rabar da shi duka rana ɗaya.

Aljihun da ka sa littafin caki, nan za ka iske wagga takarda. Kada ka tuhumi kowa a tasha, ni na ɗauke littafin. Kuma jiya na tafi Jega da niyyar in sa a cire sunanka daga asusun banki. Kada ka kira ni sai ka karanta har ƙarshe, don na san halinka, layi uku za ka karanta ka ɗauki waya ka ce, "Baba, ai na sani."

Wagga "na sani" ita ta kawo mu nan. Kwana uku ina zaunar da kai bayan la'asar ina nuna maka yadda asusun caki shike aiki, kai kuma idonka na kan waya, kana gyaɗa kai. Na ce maka kuɗɗin da za su riƙa shiga cikinsa ba namu ba ne mu kaɗai, na gida huɗu ne da sunka haɗa albasarsu a mota ɗaya da sunana, har da buhu goma sha ɗaya na Gwaggo Ai ta Sabiyal, ƙanwar kakanka, wadda ba ta da miji ba ta da ɗa namiji. Ka ce ka sani. Ranar Litinin munka tafi banki anka sa sunanka kusa da nawa, anka ba ka littafi. Ranar Laraba na shiga shagonku na samari neman famfon feshi, na iske littafin yashe kan tabarma tsakanin kofunan shayi, abokanka biyar zaune. Na buɗe. Falle uku ka sa musu hannu, babu sunan mai karɓa, babu adadin kuɗɗi. Falle na farko kuma babu shi, sai gindinsa fari fat.

Na ce, "Shehu, ina na farko?"

Ka ce, "Ban sani ba, Baba. Wataƙila haka sunka ba mu shi."

"Banki ya ba mu littafi da giɓi?"

"Su ma suna kuskure."

"To waɗanga ukun fa, mi ya sa ka sa musu hannu?"

"Don kada in ɓata lokaci in na je can."

Abokanka sunka sunkuyar da kai cikin kofuna suna ɓoye dariya. Ban so in kunyata ka gabansu ba, na aje littafin na fita. Ko famfon ban ɗauka ba. In na yi maka magana baki da baki raina zai ɓaci, kai kuma ka duƙar da kai ka ce "to," shi ke nan an gama. Shi ya sa na zauna rubutu, duk da ka san biro ba abokina ba ne, aji huɗu na tsaya.

Ka taso ka iske ina shiga banki kai tsaye, masu gadi na gaishe ni da suna, sai kake gani kamar haka anka haife ni. Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa maka ba.

Kana goye na buɗe asusun nan. Shekarar albasa ta yi kuɗɗi, mai sayenmu na kudu ya ce ba shi ƙara ɗauko tsabar kuɗɗi a mota saboda hanya, sai dai ta banki. Na tafi na buɗe. A tunanina banki rudu ne, irin rumfar karan da muke aje albasa, sai dai wanga da ƙofar ƙarfe. Abin da ka zuba shi za ka iske. Na zuba dubu ɗari uku. Bayan wata biyu na tafi rumfar Alhaji Mudi mai taki a kasuwar Jega, na ɗauki taki na dubu ɗari uku cif, na zaro littafi gaban mutane na rubuta mishi. Wallahi ranar nan har tafiyata ta canza.

Kasuwa ta zagayo, na biyo ta gaban rumfarsa, ya ƙwala min kira. Mutane cike, har da na ƙauyen Liba da na Kashin Zama da sunka zo sayen magani. Ya cire hula, ya zaro takardata daga ciki.

"Umaru, 'yar aikenka ta dawo."

"Daga ina, Alhaji?"

"Daga inda ka aike ta. Sun ce ba ka kai ba."

"Da hannuna na zuba ɗari uku."

"To ko ɓera ke gare su."

Anka yi dariya. Wani tsoho na Liba ya ce, "Yaro, ka koma ga ɗaurin ƙugu irin namu, shi ba a ce mishi bai kai ba." Na wuce banki a ƙasa, ko babur ban tuna da shi ba. Wata ma'aikaciya ta buga min doguwar takarda, ta bi ta da biro layi layi: wanga kuɗɗin littafi, wanga kuɗɗin saƙon waya, wanga kuɗɗin kula da asusu. Abin da ya rage ni bai kai dubu biyu ba. Kuma sunka ƙara cire wani abu saboda cakin ya dawo. Na ce mata, "Hajiya, albasa na san tana ramewa a rudu, iska ke shanta. Kuɗɗi fa?" Ta ce, "Malam, nan ma suna ramewa, sai dai mu muna rubutawa."

Dubu biyu, Shehu. Shekara biyu Alhaji Mudi bai ƙara karɓar takarda daga hannuna ba, sai ya ƙirga tsaba, kuma ya ƙirga sau biyu gaban jama'a. Don haka kada ka taɓa rubuta caki ko tura kuɗɗi har ƙasan tukunya. Ka bar wani abu kwance kullum, ka ɗauka ba naka ba ne. Kuma gindin nan da ke saura in an yage falle, wanda ka bari fari, ba ado ba ne. Nan ake rubuta wa anka ba, nawa, wace rana, nawa ya saura. Ka fara cike shi kafin ka taɓa fallen. Na faɗa maka haka ranar Asabar, lokacin kana nuna ma ƙanenka bidiyon kokawa.

Waccan kunyata ce ni kaɗai, da sauƙi. Ta biyu ita ce har yau ban yafe ma kaina ba.

Wani dillali ya sayi mota guda hannunmu, ya ba ni caki na wani banki daban. Na kai namu, sunka buga hatimi a 'yar takarda sunka miƙo min. Kafin in iso gida Aliero saƙo ya shigo waya da adadin kuɗɗin. Na ce alhamdu lillahi. Ban san lamba biyu ke cikin asusu ba: abin da anka rubuta maka, da abin da kake iya taɓawa. Cakin wani banki sai ya yi kwanaki shina tafiya kafin ya zama kuɗɗi. An faɗa min kuwa, kashiyan bankin ya faɗa, amma hankalina na kan hatimi. Na dawo gida na rarraba ma masu albasa nasu caki, ina jin kaina wani babba.

Mazan sunka aje nasu sai ranar kasuwa. Gwaggo Ai ko washegari ta shirya, don tana son ta biya masu yi mata aiki kafin su koma garinsu. Ba ta taɓa shiga banki ba. Ta sa zanenta na biki, ta biya kuɗɗin mota daga Sabiyal har Jega. An ce min a bakin ƙofa ta tuɓe takalmi ta aje, kamar za ta shiga masallaci. Ta bi layi tun hantsi har kusan azahar. Da ta kai gaba, yaron da ke bayan gilashi ya duba ya turo mata takardar ya ce babu kuɗɗi ciki.

Ba ta koma gida ba. Fadama ta iske ni ina ban ruwa. Na kashe inji na durƙusa na gaishe ta. Ta kwance bakin zane ta aje takardar kan kunya.

"Umaru, sun ce ta banza ce."

"Gwaggo, ba haka ba ne, bari in yi miki bayani."

"Da ka ce min babu, da na zauna ɗakina. Babu ba baƙuwata ba ce. Amma ka sa na tsaya gaban jikokin mutane suna kallona kamar na zo damfara."

Kwana huɗu bayan haka cakin dillalin ya faɗa, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Mutumin bai cuce ni ba, banki bai cuce ni ba. Gaggawata ce kawai. Na kai mata kuɗɗinta har ɗaki, ta karɓa, amma ta ɗauke albasarta daga motata har kaka uku, tana ba wani dillali da ke cin ta la'ada ninki biyu, ta gwammace haka. Da ƙyar ta dawo. Albasarta ce kake zaune kanta yanzu.

Zamaninku caki ya yi ƙaranci, na sani, yanzu alat ne da hoton rasit a waya. Abin ɗaya ne, riga ya canza. Mutum zai miƙo maka wayarsa ya ce, "Ga shi na tura." Wayarsa ce, abin da ya ga dama za ta nuna. Saƙon da ya shigo taka ma kada ka tsaya kansa. Ka shiga asusun da kanka ka duba abin da kake iya taɓawa. In bai ƙaru ba, buhu ɗaya kada ya sauka, ko da mutumin ya girme ni, ko da ya rantse, ko da ya ce ya san kakanka. Za su ce maka ƙauye, za su ce motarsu na jira. Ka ce su sha ruwa. Kuma kada ka kira kowa a gida ka ce "kuɗɗi sun shigo" sai sun shigo da gaske.

Yanzu na zo ga abin da ya hana ni cin tuwo ranar Laraba.

Ka san Garba, ɗan baffana, wanda kuke cewa ba shi son gaisuwa. Ba haka shike ba da. Tare munka yi makarantar allo, kwano ɗaya muke ci. Shekarar da kakarka ta kwanta asibiti a Sakkwato, lokacin cirar albasa ne, ma'aikata cike da gona. Na sa hannu a falle biyu babu suna babu adadi, na ba Garba na ce in Alhamis ta yi ya cike ya biya mutane ya sayi mai. Kamar yadda ka ce, don kada a ɓata lokaci. Na farko ya cike daidai. Na biyu ya kwana shida cikin aljihunsa. Dubu arba'in ya kamata ya rubuta. Ya rubuta ɗari da hamsin, ya sayi babur na haya, da niyyar ya mayar kafin in dawo.

Na dawo na iske rami. Na tafi banki da faɗa, anka kai ni wurin manaja. Ya ɗauko fallen ya aje gabana.

"Malam Umaru, hannun wa ne wanga?"

"Nawa ne, amma rubutun sama ba nawa ba ne."

"Mu hannu munka sani."

Iyakar shari'ar ke nan. Na sai da bijimi na biya masu albasa. Garba ya biya ni, shekara uku shina kawowa kaɗan kaɗan, bai ci ko naira ba. Amma tun daga nan in ya hango ni sai ya tsallaka titi. Ɗiyarsa ta yi aure bai iya zuwa ya faɗa min da bakinsa ba, aike ya yi. Na daɗe ina jin haushinsa, daga baya na gane da ban sa wagga takarda a aljihunsa ba, da har yau muna ci kwano ɗaya. Mutumin kirki ne mai 'ya'ya shida da babu aiki, na ba shi ƙofa a buɗe na ce ya yi gadi kwana shida. Falle mai hannu babu adadi ba takarda ba ce, duk abin da ke cikin asusun ne ka ɗauka ka miƙa. Ɓarawo ba shi ne abin tsoro kaɗai ba, wanda kake so ma kana iya ɓata shi da ita.

To kai ka yi huɗu a kwana biyu, kafin ma kuɗɗin su shigo.

Jiya da safe na hau babur sai Jega. Kowane falle shina da lambarsa, wanga ma na nuna maka. Na ba su lambar na farko na ce a tsayar da shi, ko wa ya kawo kada a biya. Sunka cire kuɗɗin tsayarwa, na rubuta su a kanka. Sauran ukun, da na yage daga littafin tun da asuba kana masallaci, na kekketa su gaban ma'aikacin. Sannan na ce a ba ni takardar cire suna. Ya ce mai sa hannu ya fita, in dawo bayan azahar.

Na fita in sha fura bakin kasuwa, sai na ji ana "Baba, Baba." Lawali ne mai sai da waya, abokinka na makaranta. Ya ja ni bayan rumfa, ya buɗe wani tsohon kwalin waya, ya zaro fallen.

"Baba, don Allah karɓi abinku. Shehu ya ɗauki waya saura dubu talatin, ya bar min wagga ya ce in wata ya ƙare bai biya ba in cike in karɓa."

"Nawa ya ce ka cike?"

"Bai ce ba. Shi ya sa nike tsoronta. Rumfar nan kowa shiga shike yi, in ta ɓace ni za a kama. Na ce mishi ya rubuta talatin ɗin, ya ce biro ya ƙi."

Biro ya ƙi. Shehu, na tsaya ina kallon yaron nan da bai gama sakandare ba, ya fi ɗana, wanda ya gama ta, sanin abin da ke hannunsa. Wayar da kake latsawa tun ranar Talata, ashe jinginarta albasar gida huɗu ce. Da Lawali wani ne, ko da wani ya ɗauka a rumfarsa, ya jira mota ta sauka ya rubuta abin da ransa ya so, mi zan ce ma mutane? In ce ɗana na son waya mai kyamara uku?

Na koma banki bayan salla. Sunka aje min takardar cire suna, sunka ba ni biro. Na daɗe zaune har ma'aikacin ya ce, "Malam Umaru, ko in cike maka?" Na ce ya dakata. Wautar ba ita ta tsaya min a wuya ba, na yi wadda ta fi ta har sau uku, ga su ka karanta. Abin da ya tsaya min shi ne na tambaye ka ka dube ni ka ce ba ka sani ba, ka ɗora ma banki. Kuskure in an faɗe shi da wuri, lamba ɗaya ce a tsayar, dubu kaɗan a biya. Wanda anka ɓoye shi ke cin bijimi. Kuma kai za ka zauna inda idona ba shi kaiwa, ba ni da abin da zan sani sai abin da ka faɗa min.

Ga yadda munka tsaya. Sunanka shina nan, ban cire ba tukuna. Kana iya zuba kuɗɗi, kana iya duba abin da ya shigo. Katin cire kuɗɗi da banki ya ba ka shina hannunka, amma na sa sun rage abin da kake iya cirewa a rana, iyakar kuɗɗin 'yan dako da la'ada da abincinka. Lambar sirri ka canza ta ranar da ka sauka, kada ka sa shekarar haihuwarka, kuma kada ka rubuta ta jikin kati, na ga ka fara. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita, har kuɗɗin da banki ke cira. Kowace Juma'a in an sauko ka kira ni ka karanta min abin da ya saura daga littafinka, ni kuma in duba nawa. Dubu talatin na Lawali ban biya ba, ba kuma zan biya ba. Daga ladan aikinka na farko za ka tura mishi, ka haɗa da godiya.

Takardar cire suna na taho da ita gida ba a cike ba. Ina jiran kiranka in kun sauke kaya. Ba "yi haƙuri" nike so ba, wagga ba ta fi "na sani" tsada ba. So nike ka faɗa min da bakinka, tun daga farko, inda fallen nan ya tafi da abin da ya sa ka ce min ba ka sani ba, duk da ka san na riga na ji. In ka iya wanga, ni na san zan iya ba ka amanar mutane, sai in yage takardar cire sunan. In ka kira ka fara min da labarin hanya da tsadar abinci, to Litinin ina Jega, kai kuma ka biyo mota ta gaba ka dawo, akwai ban ruwa.

Innarka ba ta san komai ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba.

Ka riƙe salla kan lokaci ko kasuwa ta cika. Ka gaishe da mutanenmu na can, ka girmama na gaba da kai. Allah Shi kai ku lafiya, Shi sa a sai da kaya da albarka, Shi tsare ka a inda ba mu gani, Shi shirya min kai da ƙannenka. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Umaru.